Taku Biyar da Rabi

Tasi'u mai gyaran famfo ya tsuguna,
ya ja awo daga bango zuwa bango,
ya ciji fensir, ya ce, "Hajiya,
taku biyar da rabi ne banɗakin nan.
In kika sa kwamin wanka, ƙofa ba za ta buɗu ba,
sai dai ki riƙa shiga a kaikaice
kamar mai ratsa Kantin Kwari ran jajibirin salla."

Na ce awonka ne gajere.
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Bai san ina 'yar shekara tara ba
sa'ad da Inna ke wanki da guga
a wani gida a Nasarawa, mai mangwaro da kare.
Ran Asabar takan ja ni in taya ta.
Can na fara ganin sa:
fari fat, dogo kamar kwalekwale,
ya ishi mutum ya miƙe ya manta da bashi.
Aikina in dirje shi da toka da soso
har in hango hancina a jikinsa.
Ba wanda ya ce kar in shiga.
Ba sai an faɗa ba.

Shekara talatin da biyar ina cin ƙurar alli,
kuɗin sallama suka fito, rufin ɗaki ya ci rabi,
saura na ƙulle, na ce na kwami ne.

Sai ga lissafi, baƙon da ba ya sallama.
Famfonmu na Sheka sai tari,
kamar tsoho da asuba, ba ya kawo komai.
Ila ɗan garuwa ya ƙirga mini da yatsu:
jarka bakwai kafin ruwa ya kai ƙugu.
Bakwai! Girkin kwana biyu, da wanki, da alwala,
in jiƙu a ciki kamar geron kamu
sannan in zare toshi in ji suna gudu kwata.

Ga gwiwa kuma,
mai kai ƙara kullum a raka'a ta biyu.
Zulai ta ce a waya, "Mama, in kin zame wa zai ji ki?
Sa shawa, da ƙarfen dafawa, da 'yar kujera."
Gaskiya ta fi ɗaci a bakin wanda ka goya.

Ran Talata muka je Ƙofar Ruwa.
Tasi'u na can yana cinikin kan shawa,
wani abu mai huji kamar rariya,
ni kuwa na tsaya kan wani kwami
a kwance tsakanin tayil da bututu, ko ledarsa ba a cire ba.
Na ce wa yaron shago, "Ɗana, juya baya."

Na tuɓe takalmi. Na dafa. Na ɗaga ƙafa,
gwiwa ta yi magana, na ce rufa mini asiri.
Na zauna, na miƙe, na jingina.
Ba ɗigon ruwa, sai sanyi ta cikin atamfa,
sama kwano mai tsatsa, waje kukan injin yankan ƙarfe.
Ashe da tauri.
Ashe bai kai tsawon da na bar shi da shi ba.
Na yi kamar tsawon Fatiha uku,
na ce a zuci, Inna, na shiga.

Fitowa sai da mai kunun zaƙi ta ba ni hannu.

Yanzu shawa ce.
Ran da tanki ya cika, takan sauko kamar yayyafin fari,
in hau kujerata in ba ta baya.
Ran da babu, ga bokiti ga moɗa,
sun san ni, na san su.
Ƙofar kuwa tana buɗewa har bango.